Matar da ta ce sai ta ji injin ya yi fushi

A asibitinmu ba mai kiran ta da sunanta, Uwar Wayoyi kawai muke cewa. Ofishinta wani ɗan lungu ne bayan sito, kujera ɗaya, fanka mai ƙara, da akwatunan ƙarfe masu ƙyafta fitilu. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, a gindin teburinsa ta tashi. Ta kai shekara hamsin, ga ta da ƙarancin magana, in ka gaishe ta sau biyu to ka cika ta da surutu.

Ni kuwa a ɗakin gwajin jini nake, ni da wani tsohon inji da ya girmi aurena na fari. Da aka yi wa asibiti sabon tsaro, sai aka kafa wata manhaja, furoksi suke ce mata, wadda duk saƙon da zai je kwamfutar likita sai ya bi ta hannunta ta bincika. Sababbin na'urori suka wuce sumul. Nawa injin kuwa tsohon yare yake yi, furoksi ba ta san shi ba, ta hana shi wucewa.

Shugaban asibiti ya ce in ba a daidaita ba zuwa ƙarshen mako, a fitar da injin. Abin ya shafe ni kai tsaye, don Innata mai ciwon ƙoda da shi ake auna jininta duk wata. In ya tafi, sai tafiyar awa huɗu a mota, ita da ko zaman minti ashirin wahala yake mata.

Na je na roƙi Uwar Wayoyi ta ɗan buɗe wa injin wata kafa ta gefe ya riƙa wucewa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce kafar da ta isa injina ta isa ɓarawon bayanai. Abin da za ta yi shi ne ta rubuta wa furoksi wani ɗan ƙari, fulogin, wanda zai koya mata yaren tsohon. Na tambaye ta littafin injin fa, tunda ya ɓace tun kafin a ɗauke ni aiki. Ta ce injin ai yana da baki.

Wallahi ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ta buga saƙonninsa a takarda, lambobi zalla, ta shimfiɗa a ƙasa, ta durƙusa da rula da jan biro. Nan sallama ce, nan lambar mara lafiya, nan sakamako, nan ban kwana. Ni tururuwa kawai nake gani, ita tana karantawa kamar wasiƙa daga gida.

Ranar Laraba saƙo ɗari biyu suka wuce ba kuskure ko ɗaya. Na fara murna, har ina shirin sanar da shugaba. Ta ce in dakata.

"Ƙanena, duk waɗannan lafiya lau ya faɗe su. Ban ji yadda yake magana ba in abu ya ɓaci."

Haushi ya kama ni, saura kwana biyu tana neman wani sabon aiki. Ta sa na ba injin jinin da ya daskare, da wanda bai isa ba, da kwalba wayam. Ashe in bai yarda da jini ba, lambar yake bayarwa yadda ya saba, sai dai ya maƙala wani ɗan harafi ɗaya a ƙarshe. Fuloginta na farko zubar da harafin yake yi. Ta gyara shi ya zama jan gargaɗi a allon likita, sannan ta ce to yanzu in je in faɗa wa shugaba.

Injin ya zauna. Bayan wata uku aka auna Inna, lambar ta fito da ban tsoro, irin wadda likita ke canza magani nan take a kanta. Amma ga jan gargaɗin nan a gefe. Aka sake ɗibar jini, sakamako ya fito daidai, ba a taɓa maganinta ba.

Na tafi lungun nan, na kasa haɗa godiyar ma. Tana tsugune bayan akwati da waya a hannu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ka gaishe min da Inna. Ka ja min ƙofar, ƙura na shigowa."