Saƙon Mai Walda a Jakata

Akwai wata Juma'a a Riyadh da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun ja, na baro ƙasar, amma duk ranar da na ji wani a majalisa yana cewa mutanen wancan ɓangaren ne suka hana mu ci gaba, sai in ga ɗakinmu na wancan lokacin a gabana, da jakata a buɗe a tsakiyarsa.

Ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a wani kamfani a Al-Sulay, unguwar da ba ka ganin komai sai rumbunan ajiya da gareji da gidajen leburori. Ɗakinmu duk Hausawa ne: ni daga wani ƙauye a Katsina, wani Bakano mai zafin kai, sai wani dattijo ɗan Damagaram da muke kira Baba, wanda ya fi mu daɗewa a ƙasar. Rannan kawai mudir, wato manajan kamfanin, ya turo mana wani mai walda da katifarsa a kai. Ya ce a nan zai zauna, tunda a wajensa duk baƙar fata ɗaya ne. Mutumin kuwa ɗan Neja Delta ne, can inda ake haƙo man Najeriya.

Ba mu yi mako ba muka fara gardama. Shi a ganinsa mu 'yan Arewa cima-zaune ne, ana ɗebo mai daga ƙasar kakanninsa ana ciyar da mu. Mu kuma a ganinmu su ne suka cinye komai, su fasa bututu, su tayar da rigima a lallashe su, a bar mu a duhu. Ni ne ma mai babbar murya a wannan gardama, don na fi sauran jin Turanci. Abin da ke ƙara hura wutar shi ne garin da muke ciki. Riyadh ma arzikin mai ne, amma tun da na zo ban taɓa ganin an ɗauke wuta ba. Duk lokacin da na kira gida aka ce wayar mahaifiyata ba caji, sai in juya in harare shi kamar shi ya kashe wutar.

Baba kan yi mana dariya. Ya ce, “Ku dai ku yi ta yi. Mu ma akwai matatar mai kusa da garinmu, amma tsohuwata da kara take dafa tuwo. Ni wa zan zaga?” Ba mu saurare shi ba, mun ɗauka barkwancin tsofaffi ne.

Muna da wata al'ada a gidajen leburori. Duk wanda zai tafi hutu gida, shi zai ɗauki saƙon 'yan ɗakinsu. Amma akwai sharaɗi: ba a karɓar ƙulli a rufe. Kowane saƙo sai an kwance shi a gaban kowa, an ga abin da ke ciki, saboda an sha jin labarin wanda ya ɗauki kayan wani ya ƙare a hannun hukuma bai san hawa ba bai san sauka ba. Da hutuna ya zo, aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a haɗa kaya.

Muna cikin haɗawa sai ga mai walda da kwali a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa. Wannan mutum da ba ya sauke murya, ranar da ƙyar nake jin sa. Ya ce mahaifiyarsa ba lafiya, hutunsa da saura, kuma babu wani ɗan yankinsu da zai tafi kwanan nan. In na isa Kano, in sa a motar kudu kawai, ƙanwarsa za ta karɓa.

Bakanon ya yi tsalle ya dire. “Wallahi ba za a ɗauka ba! Su da suke da mai, ya hau jirgin gwamnansu ya kai mana. Ka san me ya ƙunsa a ciki?”

Ni ma zuciyata ba ta so ba, ba zan ɓoye ba. Amma Baba ya ɗaga hannu ya ce, “Dokar ɗaki ita ce a buɗe. Ba a ce a buɗe na Bahaushe kaɗai ba. Ku buɗe tukuna.”

Mai walda ya durƙusa ya yanke igiyar. Ya fito da fitila mai caji da hasken rana. Ya fito da matacin ruwa, irin mai tukunya biyu ɗaya kan ɗaya. Sai maganin shaƙa na masu ciwon ƙirji. Shi ke nan kayan.

Kowa ya juya ya kalli jakata da ke buɗe, kuma kowa ya ga abin da ke samanta. Fitila ce irin tasa, har launinta. Matacin ruwa ne irin nasa, daga shago ɗaya a kasuwar Batha, da tambarin shagon a jikin ledar. Na saya wa mahaifiyata ne saboda in rani ya yi rijiyoyinmu ƙafewa suke, sai ruwan tafki, wanda dabbobi ma a nan suke sha.

Na ce masa, “Kai kuma me za ka yi da wannan? Ba a cikin ruwa kuke zaune ba?”

Sai ya ciro wayarsa ya miƙo mini. Hoton bidiyo ne ƙanwarsa ta turo. Na ga rafin ƙauyensu, baƙi ƙirin, mai na yawo a samansa yana ƙyalli. Na ga wata wuta can nesa tana ci a saman dogon ƙarfe, ya ce iskar gas ce ake ƙonawa, ba ta mutuwa dare da rana tun yana yaro. Sai ga tsohuwa zaune a kan benci tana tari, gabanta bokitin ruwan sama da suka tara, shi ma da baƙin hayaƙi a kwance a ƙasansa. Babu turken lantarki ko ɗaya a duk inda wayar ta haska.

Kunya ta kama ni, bayanta kuma wani irin haushi da ban san wa zan ɗora wa ba. Tarin tsohuwar nan irin na mahaifiyata ne sak. Wata da watanni ina zagin mutumin da na ɗauka ya cinye rabona, ashe ko nasa bai gani ba. Shi ma ya ɗauki matacina yana jujjuyawa, ya tambaye ni, “Ku ma?” Na ce mu ma.

Bakanon bai sauko ba. Ya ce jaka ta riga ta cika, kuma in na ɗauka na zubar mana da mutunci. Na ce masa, “Ɗan'uwa, jakata ce, hutuna ne. Ko zan bar kayan sawata a nan, wannan kwalin sai ya isa.” Na ɗauka na danna shi a tsakiyar kayana, na hau kan jakar na zauna har zik ɗin ya rufu.

A filin jirgin Sarki Khalid aka ɗora jakar a sikeli, ta wuce ƙa'ida. Ma'aikacin ya ce sai na rage, kuma in yi sauri, layi na jira. Mai walda ya rako ni, yana tsaye a bayana. Ya sa hannu zai ciro kwalinsa, na buge hannun. Abu mafi nauyi a jakar wani lafcecen bargo ne da matata ta daɗe tana roƙo, irin wanda duk matar mai aiki a Saudiyya take shimfiɗawa a gado a san mijinta ya dawo. Na san abin da zan tarar a gida in na je babu shi. Na ciro shi na ɗora wa mai walda a kafaɗa, na ce ya ajiye mini. Ma'aikacin ya duba sikeli ya ce, “Kalas,” wato shi ke nan, in wuce.

Na kuwa tarar. Kwana biyu uwargida tana ba ni abinci ba ta kallon fuskata, tana cewa na fifita uwar wani a kanta. Kwalin kuwa, tun da na sauka Kano na je Sabon Gari da kaina na sa shi a motar kudu, ban bar tashar ba sai da motar ta tashi. Da saƙon ya isa, tsohuwar ta kira ni. Ban ji rabin abin da ta faɗa ba, amma na san addu'a in na ji ta, ko da wane yare ce.

Bayan na koma aiki da wasu watanni, hutun mai walda ya zo. Ya ɗauki saƙon kowa, har da na Bakanon, wanda ya miƙa nasa yana kallon bango. Bargon kuwa na ce ya sa a mota daga Kano. Ashe bai sa ba. Da ƙafarsa ya shiga motar Katsina, yana tambaya da guntuwar Hausarsa har ƙofar gidanmu. Mahaifiyata ta dama masa fura da ruwan da ta tace, ƙanena ya zaga da shi ya ga tafkin.

Ranar da ya dawo Al-Sulay ya ajiye jakarsa, ya zauna a bakin katifata, ya ce da Hausa, “Malam, ruwan Mama ba kyau.” Na ce na sani. Daga ranar ba a sake gardamar mai a ɗakin nan ba. In an taɓo zancen gida, sai dai mu tambayi juna: wa ke wakiltar ƙauyenku, kuma me ya yi da abin da aka ba shi?

Da wannan tambayar na dawo gida, kuma har yau ban ajiye ta ba. Duk mai neman ƙuri'a da ya zo ƙauyenmu ya fara ba mu labarin 'yan kudu, nakan miƙe in ce masa ya bar 'yan kudu, ya zo mu je bakin tafki ya yi mana bayani. Abin da na koya shi ne, talakan da aka nuna maka daga nesa aka ce shi ya cinye rabonka, kafin ka zage shi ka fara duba abin da yake aika wa mahaifiyarsa. Ni na duba, kuma abin da na gani shi ne abin da ke cikin jakata.