Mai Tsani da Tsohon Gidan Waya

Kafin masu shaguna su buɗe, Mai Tsani ya riga ya jingina tsaninsa a bangon tsohon gidan waya na tsakiyar gari. Yakan fara da indararo, ya kwashe tarkacen da tattabaru suka tara, sannan ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da gindin cokalin gini, kamar mai sayen kankana. Inda ya ji amo ya canza, nan zai yini. Tun gashinsa na baƙi yake wannan aiki, yanzu kansa da farar ƙasar da yake shafawa ba a bambancewa.

Mai shayin bakin ƙofa shaida ne. Shekarar da ruwa ya tsaga kusurwar gabas, ofis ya ce babu kayan gyara, Mai Tsani ya rushe dakalin gidansa ya kawo bulon. Har yau matarsa a kan bokiti take shan iska. "Ginin ake tambaya ya ya kwana," in ji ta, "ni sai dai a ce ina ruwan wanka."

Bana aka ce masu na'ura za su zo su ɗauki ginin su saka a kwamfuta, cikin hoton gari da ake juyawa da yatsa. Ya ji an ce adana tarihi, sai ya ɗauka baƙin alheri ne, baƙo kuwa ba a tarbarsa da tsumma. Ya toshe kowace tsaga, ya shafe bango, ya goge fuskar agogon ginin da bakin rigarsa.

Da suka gama ɗauka, aka kira taro aka haska hoton, gini fes kamar ango. Aka kuma nuna dogon benen gilashi da za a kafa. Mu masu ra'ayi mun hallara, ni a gaba, don nan fanka take. Wani ya ce benen ya yi kama da kwalbar turare, wani ya ce tocila. Na yi jawabi mai zafi a kan launinsa, aka tafa, na zauna ina haki. Ba wanda ya tambayi inda za a dasa shi.

Injiniyan aikin ne ya taimake mu. "Tsohon gini ya tsira, ga shi nan, ko ruwa ba zai taɓa shi ba. Katafila za ta shiga ƙarshen wata."

Mai Tsani ya matso ya nuna hoton. "Ranka ya daɗe, ranar da aka ɗauki hoton ina kan tsanin nan. Ina nake?"

"Baba, mutane motsi suke, suna ɓata hoto. Gogewa muke yi."

Ya gyaɗa kai. Washegari mai shayi ya gan shi a sama yana kwashe indararo. "Baba, na wa kuma?"

"Hadari nake gani. Kafin ƙarshen wata ai gini ne."

Kai ne likitan bango, Mai Tsani. Kai ne ka yi wa gawa kwalliya kana zaton biki za a kai ta. Mun gode, Allah ya saka, tunda mu dai baki muka iya. Duk wanda aka ba amanar wani tsohon abu, ya riƙe kamar yadda ka riƙe, amma in baƙi sun zo da na'ura, ya tambaye su me zai biyo baya.

Mai son ganinka ya buɗe hoton garin, ya juya zuwa bangon gabas. Sun manta ba su goge tsanin ba. Yana nan a jingine, ba kowa a kai.