Baban Hope, Mai Jitar 'Yan Asabar

Duk wanda ya zauna a Trikaniya a shekarun baya, ko bai san Timothy Didam da suna ba, ya san muryar jitarsa. Bes yake kaɗawa, jitar nan mai igiya huɗu da murya mai kauri. Mu a unguwa Baban Hope muke ce masa, da sunan 'yarsa ta fari.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Zonkwa. Ya zo Kaduna yana saurayi a 1984, kawunsa ya samar masa aiki a wata masaƙa a Kakuri, a ɗakin da injinan saƙa suke. Ya haura shekara ashirin a cikin wannan ƙarar. Ya taɓa gaya mini cewa a ɗakin nan ba a magana da baki, sai da hannu da ido, kuma in an tashi aiki sai ya taka har Nasarawa kafin kunnensa ya buɗe. Jitar kuwa a hannun wani mutumin Ghana da zai koma gida ya saye ta. Ja ce, fentinta ya goge a inda hannu ke gogawa. Ba wanda ya koya masa. Kaset yake sawa, ya saurara, ya mayar baya, ya sake saurara, har matarsa Mary ta haddace waƙoƙin da ba ta ma so.

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu ta kiɗa. Akwai Ernest, mutumin Binuwai, ma'aikacin gwamnati, shi ke kaɗa kibod, kuma shi ne shugaba tunda sifikoki da janareta duk a gidansa suke. Akwai Ben, mutumin Filato, direban bas, shi ke kan ganguna. Sai Baban Hope. Ni Esther ni ce ta ƙarshen shiga, a 1996, bayan Ernest ya ji ina waƙa a cocinmu. Ba mu taɓa zama mun zaɓi suna ba. Mutanen unguwa ne suka laƙaba mana 'Yan Asabar, don kowace Asabar da ƙarfe huɗu muna ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gidan Ernest muna gwaji. Bikin aure, sujadar godiya, walimar wanda ya yi ritaya, duk inda aka kira mu za mu. Ba sana'a ba ce, kowa da abin da yake ci da shi. In an tashi a zuba mana shinkafa da kaza, mu ci a tsaye muna naɗe waya.

Baban Hope ya iya zama da mutane, kuma kowa da yadda yake tafiyar da shi. Ernest mutum ne da ba ya son a ce ya yi kuskure. In ya ɓata wani wuri, Baban Hope ba zai ce ka ɓata ba, sai ya ce, “Oga Ernest, wurin nan ya shige mini duhu, sake nuna mini a hankali.” Ernest na cikin nunawa sai ya ji kuskuren da kunnensa, ya gyara, ya ce, “To ka gani, haka ake yi.” Baban Hope ya ce ya gode.

Ni ma ya taɓa rufa mini asiri. A wani biki a Nasarawa baiti na biyu ya ɓace mini gaba ɗaya, ga amarya da ango a gabana. Sai ya ci gaba da zagaya kiɗan, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, yana murmushi yana rausaya kamar dama haka aka tsara, har kalmomin suka dawo mini. Bai taɓa tayar da maganar ba.

Mutum ɗaya ne kawai ba ya raga wa, shi ne Ben. Ben yana da gudu. Waƙa za ta fara a natse, kafin a kai amshi na biyu ya ƙara mata wuta. Sai ka ji Baban Hope ya daina kaɗawa.

“Ben, ina za ka da mu? Ba fasinja muka ɗauko ba.”

“Timo, kai ne kake jan ƙafa! Biki ne fa, ba jana'iza ba.”

“Ko biki ne, ai tsofaffi ma za su taka.”

Haka kowace Asabar. Wata rana abin ya yi zafi, Ben ya jefar da sanduna ya fita, ya ce shi da ƙungiya har abada. Asabar uku ba mu gan shi ba. Ernest ya aika, ni ma na je, ya ƙi. Sai wata Litinin da safe Baban Hope, yana hutun aiki, ya tsaya a bakin titi ya tare motar Ben, ya shiga gaba ya zauna. Aka je kasuwa, kowa ya sauka, shi yana zaune. Aka yi lodi aka dawo, yana zaune. A zagaye na uku Ben ya kasa daurewa.

“Wai kai ina za ka sauka ne?”

“Inda ka sauka.”

Ben ya yi dariya har ya kifa kai a kan sitiyari. Ran Asabar ya riga kowa zuwa.

Da masaƙa ta rufe, mutane da yawa sun tattara sun koma ƙauye. Baban Hope ya kama wata 'yar rumfa a Nasarawa yana gyaran fanka da dutsen guga. Ya rame a shekarun nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma bai fasa Asabar ko ɗaya ba. Yakan zo da gyaɗa a leda, ko rake in lokacinsa ne, ya ajiye a kan benci kowa ya ɗiba.

A hankali muka fara lura da wasu abubuwa. Za ka yi masa magana daga baya, ba zai juyo ba. Ya fara ɗaga murya in yana hira. A wurin gwaji kuma idonsa kullum yana kan hannun Ben. Muka ɗauka tsufa ne kawai.

Abin ya fito fili a wani biki a Gonin Gora, a 2013. 'Yar wani abokin aikin Ernest ake aurarwa, an cika fili, har da manyan ofishinsu. Muna tsakiyar waƙar shigowar amarya Ernest ya ɗaga kiɗan zuwa murya ta sama, kamar yadda yakan yi in ya ga rawa ta yi daɗi. Ni na bi shi. Baban Hope bai bi ba. Ya tsaya a tsohuwar muryar, yana kaɗawa da ƙarfinsa, idonsa a lumshe, yana jin daɗi. Kiɗan ya rabu biyu. Na ga mata suna kallon juna, wani ya toshe kunne da wasa. Ernest ya yi ta kiran sunansa, bai ji ba. Haka muka ja waƙar har ƙarshe. Muka tattara kaya muka dawo a motar Ben.

Ran Laraba Ernest ya kira ni da Ben gidansa. Ya daɗe yana zagaye kafin ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce akwai wani mai aski a cocinsu, Clinton, ya iya bes sosai.

“Ba korarsa za mu yi ba,” in ji shi. “Ya riƙa zuwa yana zama da mu. Amma kun ga abin da ya faru. A gaban ogana fa.”

Ni dai na sunkuyar da kai, don a raina na san yana da gaskiya. Ben ne ya miƙe.

“In ka kawo mai askin, ka nemo mai ganga ma.”

“Haba Ben! Kai da kullum kuke faɗa da shi?”

“To da wa kake so in yi? Shekara nawa mutumin nan yana riƙe ni kada in kifar da ku? Yau kunnensa ya gaji sai a ba shi benci?”

Ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Washegari na je wurin matarsa, Maman Hope. Tana tankaɗe garin masara a tsakar gida, ta ajiye rariya ta gaya mini komai. Sun je asibiti tun bara. Likita ya ce ƙarar injin ce ta cinye kunnen a hankali, kuma ba ya dawowa. An ba shi 'yar na'urar sawa a kunne, amma da ya matsa kusa da sifika sai ta kama kuka, shi ya sa yake barin ta a gida. Ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa.

Ran Asabar ya zo da jitar a cikin jakarta, bai buɗe ba. Ya ajiye ta a kan benci, ya zauna.

“Na san abin da ya faru a Gonin Gora,” ya ce. “Ban ji ba, amma na gani a fuskar Esther. Ku yi haƙuri, na ba ku kunya. Oga Ernest, a nemo wani. Jitar ma ya riƙa amfani da ita.”

Ernest ya cire tabarau yana gogewa. Ana cikin haka muka ji motar Ben ta tsaya a waje. Sai ga shi ya shigo yana nishi, ɗauke da tsohuwar ƙofar katako a ka, har da sakatarta. Ƙofar kicin ɗinsa ce ya ɓalle. Ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya ɗora babbar gangar ƙafa a gefe ɗaya, ya jawo sifikar bes ya kwantar a kai. Sannan ya tsaya a gaban Baban Hope yadda zai ga bakinsa.

“Timo, cire takalmi.”

“Me?”

“Takalmi! Cire ka hau.”

Baban Hope ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya cire, ya hau katakon da safa. Ben ya ce safar ma. Ya koma ya taka ganga, dum, dum, dum. Na ga yatsun ƙafar Baban Hope sun motsa. Ya ɗago kai a hankali.

Ernest, wanda kwana uku da suka wuce yake maganar mai aski, shi ne ya kawo sauran dabarar. Ya ce zai juya kibod ɗinsa ya fuskanci Baban Hope. In zai hau sama ya ɗaga yatsa, in za a koma amshi ya dunƙule hannu, in an zo ƙarshe ya shafa kai. Baban Hope ya yi dariya ya ce ashe masaƙa bai bar ta ba, ga shi an dawo magana da hannu.

Ranar farko ba ta yi kyau ba, ta biyu ma haka. Yakan makara, ko ya manta ya kalli Ernest. A Asabar ta uku muka kama wata tsohuwar waƙar godiya, muka tafi da ita tiryan-tiryan. Muna cikin amshi na biyu sai ya tsaya cak.

“Ben, kana gudu.”

“Wa ya gaya maka? Kai da ba ka ji!”

“Ƙafata.”

Ben ya wurga sanduna sama yana ihu. Ni kuwa na juya na fuskanci bango, don ban so su ga ina hawaye.

Shekara huɗu muka ƙara tare. Duk inda za mu, ƙofar nan tana ɗaure a saman motar Ben. Masu biki sukan tambaya ko ta mece ce, Ben ya ce musu dandamalin babban baƙo ne. Ba zan ce kullum abin yana tafiya daidai ba. Akwai waƙoƙi masu yawan hawa da sauka da muka daina yi gaba ɗaya, sababbi kuma ba mu ƙara koyo ba. Ernest yakan yi ƙorafi a bayan ido, amma bai taɓa mantawa da ɗaga yatsa ba.

Baban Hope da kansa ya ajiye jitar, bayan sujadar Ista ta 2017. Ya ce idonsa ya gaji da gadin mutum biyu a lokaci ɗaya, kuma yana so ya tsaya tun ana jin daɗinsa. Wannan karon Ben bai yi musu ba. Shekarar da ta biyo suka koma ƙauye shi da Maman Hope, ya kama noman citta a gonar mahaifinsa. Clinton ya shigo, mutumin kirki ne kuma ya iya, muka ɗan ci gaba. Sai dai kira ya yi ta raguwa. Yanzu kowace coci da matasanta da kayan kiɗanta, masu biki kuma sun fi son mai sa waƙa a na'ura. Gwiwar Ernest ta fara damunsa. Ba mu taɓa cewa mun watse ba, mun dai daina haɗuwa. Rumfar ma yanzu kaji matar Ernest take kiwo a ciki.

A Disambar bara na je ƙauyen na gan shi. Ya yi furfura sosai, amma ya murmure. In zan yi magana sai in zauna daf da shi ya kalli bakina, abin da ya gagara Maman Hope ta rubuta masa a bayan kalanda. Ya zagaya da ni gona, ya nuna mini inda cuta ta cinye citta shekarar da ta gabata da inda ya sake gwadawa. Ya tambayi gwiwar Ernest, ya tambayi 'ya'yana ɗaya-ɗaya da sunansu. Da zan tafi ya sa aka ɗora mini rabin buhun citta a mashin, ya ce in raba uku, amma in rage na Ben don yana fama da gyambon ciki kuma ba ya jin maganar likita. Ya raka ni har bakin hanya yana ta ba ni saƙonni da ƙarfi, mai mashin na jira.