Baba na Taga da Tulun Bahago

Kullum da hantsi, idan rana ta leƙo shagonsa, Baba na Taga yakan goge hannuwansa da tsumma, ya jawo kujerarsa mai gurguwar ƙafa, ya zauna yana jiran haske ya daidaita. Shekara arba'in ke nan yana haka. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce da zaman Baba yake saita agogo. Matarsa kuwa takan ce ita taga ta aura, mutumin gyara aka yi mata.

Tsofaffin kayan gilashi ake kawo masa, irin masu ruwan madara ɗin nan, waɗanda a inuwa za ka gan su fari-fari da ɗan shuɗi, in an ɗaga su ga rana sai gefensu ya kama kamar garwashi. Yawancinsu ba tambari, ba rubutu. Aikin Baba shi ne ya faɗi masana'antar da ta yi su, wani lokacin har da hannun da ya hura. Yakan kifa abu ya shafa tabon gindinsa, inda aka ɓalle sandar ƙarfe tun gilashin na da zafi, wurin da yake kira cibiya. Ya ƙwanƙwasa da farce, ya kasa kunne. Daga nan sai idonsa ya lula wata duniya, har mai kaya ya zaci barci ne ya sace shi.

Kai ne, Baba, ba ka iya shafa wa mutum zuma a baki ba. Tela ya shaida ranar da wani mai babbar mota ya kawo kwano yana tinƙahon gadon kakanni ne, ka duba ka ce, "Alhaji, ai ka girmi kwanon nan." Ya fita yana huci, bayan shekara ya dawo da kwano uku.

Bana idanun Baba sun fara hazo, ya ce ƙarshen wata zai rufe shago. A makonsa na ƙarshe wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, rungume da ƙunshin zane. Ta kwance, sai ga ɗan ƙaramin tulu na gilashi.

"Malam, an ce kai kake gane hannun mutane a jikin gilashi," in ji ta. "Mahaifina yana hura gilashi a masana'antar bakin kogi, wadda aka rufe tun tuni. Ya rasu ina ciki, ko hotonsa babu. Uwata ta ce shi ya yi wannan. 'Ya'yana kuma sun ce tarkacen kasuwa ne, ta faɗa ne don ta rarrashe ni. Shekarata tamanin da takwas. Ina so in sani kafin in tafi."

Baba ya karɓi tulun. Ya san in ba na mahaifinta ba ne, bakinsa ba zai iya cewa nasa ne ba, kuma tsohuwar nan za ta fita ba uba a karo na biyu. Ya ɗaga tulun ga taga. Hasken ya cika shi, ja-ja a baki, shuɗi a ciki, amma zanen jikin ya ƙi tsaya wa idonsa. Sai ya rufe idon gaba ɗaya, ya bar yatsu su yi tafiyarsu. Suka bi murɗin da ya nannaɗe tulun tun daga wuya har gindi, a hankali, kuma murɗin baibai ya juya. A shekara arba'in, sau goma sha ɗaya ya gamu da wannan hannu, duk daga bakin kogi, bai taɓa sanin mai shi ba. A littafinsa "Bahago" kawai yake rubutawa.

"Iya," ya ce, "an taɓa gaya miki da wane hannu yake aiki?"

Ta yi dariya har sandar ta zame. "Hagu! Uwata ta ce ko gaisawa zai yi sai an zungure shi ya miƙa dama. Ni ma na sha duka a kan hagun nan."

"To nasa ne, Iya. Kuma wannan cikin da kike gani, da numfashinsa ya buɗe shi."

Ta karɓa da hannu biyu, ta kai bakin tulun kusa da fuskarta, ta daɗe a haka. Can ta yi wa mahaifinta magana ta bakin tulun a hankali, "Sannu da aiki, Baba." Tela, wanda ya leƙo aron almakashi, ya koma shagonsa yana share ido. Baba na Taga ya tambaye ta sunan mahaifin nata, ya rubuta shi a littafinsa kusa da "Bahago" da manyan baƙaƙe, yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Mun gode, Baba, mai gani da yatsa. Kai ne ka riƙe gaskiya shekara arba'in, shi ya sa da ka ce "nasa ne" ba wanda ya nemi shaida. Allah Ya ba idanunka sauƙi, Ya sa ka huta lafiya. Duk wanda aka ba amanar duba abu, ya yi koyi da kai, ya duba har ya gani, ya faɗi iyakar abin da ya gani. Iya dai ta tafi gida rungume da tulunta, kuma waɗanda suka gamu da ita a hanya sun ce hira take yi masa.