Bahon Ƙofar Gonar Valmai

Duk wanda ya taɓa bin hanyar kekuna ta Mawson, wadda ta taso daga Adelaide ta ratsa kwarinmu na Barossa ta nufi duwatsun arewa, ya san gangaren da ke bayan tsohon cocin dutse, ya kuma san matar da ke ƙarshen gangaren. Sunanta Valmai Obst, amma 'yan keke Mai Baho suke ce mata. Gajeruwa ce kakkaura, ta ba sittin baya, kullum da malafa da tsohuwar rigar aiki ta mijinta. Tana da famfo mai ruwan sanyi da benci a inuwa, kuma ba ta taɓa hana mai ƙishi ruwa ba. Sai dai famfon da bencin suna cikin shinge, kuma a bakin ƙofar shingen akwai baho cike da ruwan bilic, wato sinadarin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Wanda zai shiga sai ya goge laka da buroshi, ya tsaya a cikin bahon da takalmansa minti guda cur. Keke kuwa a waje yake jira.

Su 'yan keken nan ba sa zuwa da mugun nufi. Sun kwana biyu ko uku suna hawa da sauka, sun sha ƙura, cinyoyi sun yi tsami, sai su ga layin inabi ya miƙe har gindin tudu, hankalinsu ya tashi. Kafin ka ce me, wani ya jingine keke ya ɗaga ƙafa zai tsallake waya.

“Kai, mai matsattsen wando! Ina zuwa?”

“Hoto kawai zan ɗauka, Mama.”

“Hoton da ƙafa ake ɗaukarsa? Zagayo ka shiga baho.”

“Takalman nan sababbi ne fa, bilic zai ci su.”

“Itacen da kake nunawa ya girmi kakan kakanka. Ko baho, ko ka hau abinka ka ƙara gaba.”

Yawanci sukan shiga, suna dariyar yaƙe. In sun fito kuma ta yanka musu kek mai barbaɗen sukari, irin wanda matan cocinmu suka gada, ta tambaye su inda suka kwana, ta gaya musu inda hanya ta zaizaye a gaba.

Ba don son faɗa take yi ba. Akwai wani ƙwaro da ido ba ya gani sosai, mai cin saiwar inabi, wanda ke bin laka a takalmi ko a taya. Ba shi da magani. Inda ya shiga, sai dai a tumɓuke gona. Yana nan a wasu kwaruruka na jihar Victoria, mu kuma Allah ya tsare mu, bai taɓa shigowa ba, shi ya sa har yau muke da itatuwan da kakanni suka dasa da hannunsu. Na gonar Obst suna cikin tsofaffin, masu kututture murɗaɗɗe, ba su kai ƙugun mutum ba. Valmai ba a cikinsu aka haife ta ba. 'Yar mai gasa burodi ce daga Kapunda, ta zo gidan da aure ba ta san reshen da ake datsewa da wanda ake bari ba. Clem, mijinta, shi ya koya mata riƙe almakashi, shi kuma ya fara ajiye bahon lokacin da 'yan keke suka soma yawa. Shi da wasa da dariya yake sa mutane ciki. Ita ba ta iya wannan ba, ta dai iya tsayawa a kan magana.

'Yarsu ɗaya, Tegan. A kan tuddan nan ta koyi keke, uban yana gaba tana bin ƙurarsa, su dawo da gwiwa a kurje uwar tana masifa. Da ta girma ta karanci aikin inabi, ta samu aiki a kwarin Yarra na Victoria, wato a tsakiyar inda ƙwaron yake. Valmai ba ta so ba, kuma ba ta ɓoye ba.

Ranar da zuciyar Clem ta tsaya a tsakanin layuka, Tegan tana bakin aiki aka kira ta. Yadda take haka ta faɗa motar gona ta kamo hanya, da kayan aiki, da takalman aiki, laka har ƙofar mota. Gidan Obst kuwa a tsakiyar gona yake, ba yadda za ka kai gare shi ba ka ratsa inabi ba. Valmai ta hango motar, ta fito da gudu ta tare ƙofa.

“Tsaya nan! Kada tayar nan ta taka min ƙasa. Cire takalman, kayan ma sai kin sake.”

Tegan ta sauko ta tsaya tana kallonta. “Mama, Babana yana kwance a ciki, ke ta saiwa kike yi?”

“Da yana tsaye, abin da zai ce ke nan.”

“Ƙarya ne. Da ya fara rungume ni.”

Tegan ta juya motar. A gidan wata ƙawarta ta sauka, ta zo coci aka binne ubanta, ta koma Victoria ba ta taka gidan ba. A kwarin nan babu manomin da zai ce Valmai ba ta da gaskiya, kuma babu wanda bai ji wa yarinyar ba. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Sukan gaisa a waya ranar Kirsimeti, gaisuwar da ba ta kai a ɗora ruwan shayi ya tafasa ba. Valmai ta ci gaba da datsa da girbi da cika baho, ba ta kai wa kowa kuka ba. Amma tana kewar 'yarta ƙwarai, kuma duk macen da ta gangaro a keke sai ta bi ta da ido har ta wuce.

Bara, bayan girbi, lokacin da ganye ya yi ja kuma 'yan keke suka fi yawa, maƙwabcinta Murray ya tsayar da tarakta a bakin shinge.

“Val, kin ji labari? Matata ta gani a waya, Tegan ta kamo hanyar Mawson da wasu abokanta. Ranar Alhamis za su biyo ta nan.”

“Hanya ta kowa ce,” in ji Valmai, tana ta ɗaure waya ba ta ɗago ba.

“Ke dai kin cika taurin kai kamar kututturen nan. Hanyoyin keke sun ƙare a duniya ne da za ta zaɓi wadda ta bi ta ƙofar uwarta? Ki kau da bahon nan na yini ɗaya mana. In ta gan shi, wallahi ko birki ba za ta taka ba.”

“In kuma ta shigo da ƙwaron fa? Gonarka ma tana jikin tawa.”

Murray ya sosa ƙeya. “To, ni dai na faɗa. Inabi ba ya kiran mutum Mama.”

Ya ja taraktarsa ya bar ta da maganar. Ta juya ta, ta sake juyawa. Ta san abin da ƙwaro ɗaya zai yi, ta fi Murray sani. Ta kuma san in yarinyar ta wuce wannan karon, ta wuce ke nan. Ranar Alhamis da safe ta gasa kek, ta fito ta tuntsurar da bahon a kwalbati, ta ja shi bayan rumfa ta kife, ta wangale ƙofar har ƙarshe. Tun da aka ajiye bahon nan ba a taɓa ganin ƙofar haka ba. Ta zauna a benci, tana jin kamar ta ci amanar Clem da duk maƙwabtanta.

Wajen la'asar suka gangaro, su uku, jakunkuna ɗaure a jikin kekuna, ƙura ta rufe su har gira. Biyu suka wuce. Ta ukun ta taka birki, ta sauke ƙafa ɗaya, ta cire hular kwano. Ta rame, ta yi duhu, gashin ma ta rage shi.

“Mama.”

“Tegan. Shigo. Shigo da keken ma, ga hanya.”

Tegan ba ta motsa ba. Ta dubi ƙofar, ta dubi zagayen da gindin baho ya bari a ƙasa.

“Ina bahon?”

“Ya... na ɗauke. Ba komai, shigo abinki.”

“Kin ɗauke? Mama, lafiyarki kuwa? Kin san daga inda na fito?”

“Na sani.”

“Kin sani kika buɗe ƙofa haka, kowane ɗan yawon duniya ya faɗo?” Muryarta ta hau, irin hawan da duk kwarin ya san inda ta gado shi. “Na wanke keken nan tun can, kayan nan ba su taɓa shiga gona ba. Amma ke kin ga lokacin da na wanke? Kowa haka yake cewa!”

Valmai ta waiga ta dubi bayan rumfa.

“Gonar da nake aiki, ƙwaron ya shige ta,” in ji Tegan, a hankali yanzu. “Ni na tuƙa motar da ta tumɓuke itatuwan, layi bayan layi, muka tara muka cinna wuta. Mai gonar tsoho ne kamar Baba. Ya zauna a ƙasa yana kallo. Tun ranar nake son in zo, na rasa ta inda zan fara.” Ta share hanci da bayan hannu. “Ɗauko bahon, don Allah. Ƙafafuna sun gaji.”

Abokan tafiyar sun tsaya can gaba suna jira. Tegan ta ɗaga musu hannu ta ce su wuce, kada su jira ta. Valmai ta jawo bahon daga bayan rumfa, ta tara ruwa, ta auna bilic ta zuba. Tegan ta jingine keken a wajen shinge, ta zauna a kan dutse ta goge takalmanta da buroshi tsaf, har tsakanin ƙusoshin da ke ƙarƙashinsu, sannan ta miƙe ta shiga ruwan. Hawan tuddai ya cinye mata gwiwoyi, ta yi tangaɗi, sai ta dafa kafaɗar uwarta da hannu biyu don kada ta faɗi. Valmai ta riƙe ta a ƙugu. Warin bilic ya cika wurin, hawaye suna bin fuskar tsohuwar, ba ta share ba.

Can Tegan ta ce, “Minti bai cika ba, Mama?”

Valmai ba ta ko dubi agogo ba.

“Da saura,” ta ce.