Shekara biyar da Labbo ya yanka mini

Jama'a, kun san ni da wannan karkataccen baki, amma ban taɓa gaya muku labarinsa ba. Sama da shekara sittin na yi shiru. Yau zan faɗa, domin shekaranjiya muka binne Labbo.

Zamanin Jihar Arewa ne, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina saurayi a Kebbe, an yi mini baiko da Hajjo, biki sai bayan kaka.

Wani ƙullutu ya fito mini a ƙarƙashin kunnen hagu, kamar ƙwallon goruba, ba ciwo. Inna ta ce hangum ne. Wanzami ya yi ƙaho. Wata shida abin sai girma yake, har idona ya daina rufuwa.

Malamin asibitin Tambuwal ya tura mu Sakkwato, Sakkwato suka tura mu gaba. Baba ya sayar da bijiminsa. Aka haɗa ni da Labbo, ɗan ƙanen Baba, don shi kaɗai ya yi elemantare a gidanmu, shi ke jin Turanci.

A babban asibitin da aka tura mu, likitoci suka yanki ɗan nama suka aika gwaji. Mako uku ina kwance, kullum allura da awon zafin jiki. Na ji tsoro ƙwarai.

Sakamako ya fito: ciwon daji ne a tsokar da ke kawo yawu, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Aka yi aiki, aka cire shi tare da jijiyar fuska. Daga ranar bakina ya karkace.

Ranar sallama likita Bature ya yi dogon bayani, ya ɗaga yatsu biyar, har da murmushi.

Na ce, "Labbo, mi yac ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Sai haƙuri. Yac ce shekara biyat ta rage ma."

Kafin mu kwana biyu a gida, duk Kebbe ta ji. Mahaifin Hajjo ya zo wurin Baba da kansa. "Ba ni ba ɗiyata takaba da hannuna," in ji shi. Aka maido kayan baiko. Shekara na zagayowa Labbo ya aure ta. Ina zaune aka shafa fatiha.

Shekara biyar na yi ina jiran mutuwa. Ko bishiya ban dasa ba. Da ta cika ban mutu ba, na ɗauki katina na koma asibitin ni kaɗai. Wani malamin asibiti Bazazzagi ya karanta, ya dube ni.

"Ai cewa aka yi ka riƙa zuwa duk shekara ana dubawa. In ka kai biyar ciwon bai dawo ba, da wuya ya dawo. Wa ya fassara maka?"

Da na tare Labbo, cewa ya yi, "Turancin Baturen ya cika sauri." Ƙarya yake, kuma ya san na sani.

Tun daga nan, duk Sallah sai na je gidansa da sabuwar riga, in gaishe shi a gaban mutane: "Labbo, shekara nawa ta rage min?" Sai ya kau da kai. Na yi aure, na haifi tara, na binne matata, ban fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

Shekaranjiya a maƙabarta aka ce jama'a su yafe masa. Kowa ya ce ya yafe. Ni bakina karkatacce ne, ba wanda ya gane abin da na ce.

Na gode wa Allah da ya raya ni, na gode wa likitan da ya yanka, da Bazazzagin da ya karanta mini kati. Ku kuma, ƙullutu a wuya ko gefen kunne in ya wuce mako uku, ko ba ya ciwo, ku kai asibiti. In za a gaya muku sakamako, a faɗa da harshenku, ku maimaita wa likita har ya ce haka ne. Kada ku yarda da tafinta ɗaya.

Hajjo tana takaba. Malamai sun hana furta maganar aure a wannan lokaci, don haka ban ce komai ba. Amma wanda ya ƙirga shekara biyar, wata huɗu da kwana goma ba za su gagare shi ba.