Anti Mai Kek da Esin da Ke Hura Wuta

Anti Mai Kek dai ko ba ka taɓa ganin fuskarta ba ka san ƙamshinta, don tun kana ƙasan matakala bota da fulawa za su tare ka a hanci, amma ita a ranta wai ɓoyewa take yi, har tsumma take cusawa a ƙasan ƙofa don kada ƙamshin ya fita. Tun tana budurwa take aiki a gidan burodi, daga wankin tire ta kai ga kwaɓi daga kwaɓi ta kai ga yi wa kek ado, tsayuwa ta kumbura mata ƙafafu har yau ba ta iya sa takalmi mai rufi, ranar da aka rufe gidan burodin kuwa abin da ta tsira da shi wani tsohon obin ne na gasa kek da sai an tokare ƙofarsa da muciya. Mijinta direban tirela ne ya fi kwana a hanya, 'yarsu ɗaya tana makarantar koyon jinya a wani gari, to kek ɗin nan shi ne ke riƙe da gidan.

Matsalar ita ce dokar benen da take haya ta hana sana'a a cikin ɗaki kuma ba wasa ba ne, akwai wata mai gyaran gashi a hawa na biyu da mai benen ya kama, Anti na kallo ta taga aka fito da madubanta aka jingine a titi. Shi ya sa ko famfo ne ya lalace ba ta kiran mai kula da benen, wanda yara da manya ke ce wa Gobe-Gobe saboda duk abin da ka kai masa sai ya ce gobe in Allah ya kai mu.

Ɗakin nata dama gida ɗaya ne babba, mai benen ya tsaga shi biyu da wani siririn bango, kowane ɓangare da esinsa, na'urar nan mai hura sanyi da zafi, da ɗan akwatin maɓallai a manne a bango. Tun da ta shigo nata esin bai taɓa ko tari ba, ta danna ta danna har ta haƙura ta sayi fanka, ɗaya ɓangaren kuma ba kowa a ciki.

Sai ga wani tsoho ya tare a ɓangaren, Baba Masinja, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai takardu ofis-ofis a kan keke har ya yi ritaya, mutum ne siriri mai sanda mai yawan gaisuwa. Ai kuwa a satin da ya shigo esin Anti ya farka, tana cikin kaɗa kirim kawai ta ji gurnani a sama kamar tsohuwar mota za ta hau tudu, ta ɗaga kai tana murna sai iska ta dake ta a fuska, zafi kamar an buɗe obin na biyu. Ta ruga ta danna sanyi, zafin ya ƙaru, ta danna har ƙarshe, ya ƙara ƙaruwa, can ya mutu da kansa can kuma ya sake tashi ba wanda ya taɓa shi.

Ta kira mijin a waya, ya ce, "Uwargida ai inji duk ɗaya ne, ki samu takalmi ki ɗan buge shi a gefe."

Ta ce, "Na buga har takalmin ya rabu."

"To aljanu ne, ki ba su kek ko za su lafa."

"Kai dai kana can kana shan iska a tagar mota, ni ina nan ina gasuwa tare da kayana."

Ya ce ta kira Gobe-Gobe mana, ta ce, "In kira shi ya shigo ya ga me?"

Haka ta yi ta fama, bota na narkewa tun kafin ta buɗe takardarsa, ita kuma kullum da safe sai ta danna sanyi har ƙarshe ta bar shi a haka ko Allah zai sa ya shiryu. Ranar da abin ya kai mata wuya wani kek ne mai hawa biyu na wata ma'aikaciyar banki, ta gama furanni ta juya wanke hannu ta dawo ta tarar hawa na sama ya zame ya kwanta a gefe kamar hular ɗan iska, matar ta zo ta kalla ta ce, "Anti wannan kek ne ko hatsarin mota," ta juya ta tafi. Anti ta zauna a kan bokitin fulawa gumi da hawaye sun haɗu, sai ta ji tari ta bango, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, dama kwanakin nan tana jin sa tana cewa tsufa ne. Ta ce to tunda kek ya riga ya mutu gara ya shiga cikin wani, ta yanko babba ta ɗora a faranti ta fita ko ƙofarta ba ta rufe ba.

Baba na buɗe ƙofa sanyi ya mare ta, ɗaki kamar cikin firij, ga shi da kwat da rigar sanyi da hula a kan hula, ya liƙe bakin esin da kwali amma iska ta ture kwalin.

Ta ce, "Baba me ya kai ka wannan sanyin, kifi kake ajiyewa?"

Ya ce, "'Yata ni ne kifin. Abin nan ba ya jin magana, zo ki gani da idonki." Ya ja ƙafa ya je bango ya danna zafi, ɗakinsa ko gezau, amma ta buɗaɗɗiyar ƙofarta sai ga gurnanin tsohuwar motar nan ya tashi. Anti ta tsaya da faranti a hannu, ta ce Baba kashe, ya kashe gurnanin ya mutu, ta ce kunna, ya tashi. Ta ajiye farantin ta ruga ɗakinta da kumburarrun ƙafafunta ta kashe nata maɓallin, kafin ta dawo kwalin Baba ya daina rawa. Ashe da aka tsaga gidan maɓallinta ya faɗa a kan esinsa nasa kuma a kan nata, ita tana daskarar da shi shi yana gasa ta, kowa na tsine wa inji.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi ya ce, "Ashe ke ce hunturun." Ita ma ta fara dariyar sai idonta ya sauka a kan magunguna jere a kan tebur, dariyar ta tsaya. Ta ce me ya sa bai kai ƙara ba, ya ce 'yarsa dama ba ta so ya zauna shi kaɗai, in ta ji ɗakin na da matsala za ta kwashe shi ta kai gidanta a haɗa shi ɗaki da jikoki a riƙa tambayarsa ina za ka ko bayi zai shiga. Ya ce, "Ni dai ina son makullina a aljihuna."

Nan suka shirya, in tana son sanyi ta buga bango da ludayi in yana son ɗumi ya buga da sanda, abin ya tafi daidai har kirim ya dawo yana tsayawa. Amma wata rana ta fita kai kek, cunkoso ya riƙe ta, tana cikin motar haya ta tuna ta taɓa maɓallin da safe saboda sabo kuma ba ta tuna a ina ta bar shi ba. Ta dawo tana haki ta tarar da Baba zaune a matakala a inda rana ke faɗowa, ya ce ba komai iska yake sha, alhali leɓensa ya yi fari. Ranar kawai ta shiga ta ɗauki waya ta kira Gobe-Gobe da kanta.

Mutumin da bai taɓa zuwa a ranar da aka kira shi ba sai ga shi kafin la'asar, ga kek a cikin obin bai ƙarasa ba. Ta kashe wuta ta yafa wa obin zanen gado ta ɗora tukunyar furen roba a kai wai teburi ne. Ya shigo da tocila ya danna nan ya leƙa can, Baba na biye da shi da sanda, ya ce wayoyin a cikin bango suke sai an fasa, fasa bango kuwa sai mai benen ya zo da kansa ya shiga ɗakunan biyu ya gani. Yana maganar furen robar na sunkuyawa a hankali a hankali har ya kwanta a kan zanen, su uku duk suna kallo.

Gobe-Gobe ya ce, "Anti teburin nan naki yana da zazzaɓi."

Ta ce, "Ka kira mai benen kawai, tsohon nan ba zai mutu saboda ni ba."

Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Wa ya ce miki mutuwa zan yi? Kai ɗan nan, ɗakina ba abin da ya lalace, da can maɓallina roba ne yanzu kuwa har gaishe ni yake yana kawo mini kek." Ya juyo wajenta ya ce ta ba shi makulli ɗaya ya ba ta ɗaya, in ɗaya ya fita ɗaya ya shiga ya danna abinsa, magana ta ƙare.

Gobe-Gobe ya kalli tsohon ya kalli zanen da ya fara ƙauri, ya sa tocilarsa a aljihu ya ce, "Ni dai in mai ɗaki ya ce lafiya ai lafiya ne. Ki cire zanen nan kafin ki ƙona mana bene, ki kuma sa a duba miki wayar teburin." Anti ta bi shi har ƙofa ta ce to mai benen fa yaushe zai gaya masa, ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu."

Kek ɗin ranar ya faɗa a tsakiya ita da Baba suka cinye abinsu da shayi. Mijin da ya dawo ya matsar da obin ya jingina da siririn bangon, Baba ma ya turo gadonsa ta ɗaya gefen, in Anti ta kunna da safe bangon ya ɗau ɗumi sai ya manna bayansa ya miƙe ƙafa, 'yarsa ta zo ta taɓa bangon ta ce gidan nan akwai ɗumi mai daɗi ta bar maganar ɗauke shi. Makullin Anti yana nan a aljihun kwat ɗinsa tare da nasa a zare ɗaya, in kuma ta makara ba ta kunna obin ba sai ta ji sanda a bango yana cewa, "'Yata yau ba a aiki ne, bayana ya huce."